Kafin ka tafi koyon bincike a lab lokacin dogon hutu, zauna mu yi magana

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku masu karanta Bayokemistiri, Maikirobayoloji, Fisiyoloji, Famasi, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti da likitanci.

Tun ranar da na sa hotona sanye da farar riga a gaban na'urar PCR saƙonni suke shigo mini. Na gode da addu'o'i. Amma na lura kusan kowa tambaya biyu yake yi: "Ana biya?" da kuma "Suna ba da satifiket?" Mutum ɗaya tak, wata ƙanwarmu da ke aji uku, ita ce ta tambaye ni me ake yi a wurin daga safe zuwa yamma. Saboda ita na zauna na rubuta wannan. Yana da tsawo, ku yi haƙuri.

Ni ɗan Arewa ne, ina digiri na biyu a Ibadan. A daminar da ta wuce na yi makonni goma a wani ɗakin bincike a Legas da ke aiki a kan zazzaɓin cizon sauro. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk ɗalibin kimiyyar lafiya da ya samu wannan dama ya tafi, ko da ba za a ba shi ko sisi ba, matuƙar zai iya ɗaukar nauyin kansa ba tare da ya jefa iyayensa a bashi ba. Amma ya tafi idonsa a buɗe. Da yawa daga cikinmu muna zuwa da wani hoto a kai, in ba mu tarar da shi ba a sati na biyu sai mu fara ƙirƙirar uzuri, mu koma zuwa sa hannu a littafi kawai kamar yadda wasunmu suka yi a SIWES.

Abu na farko, ka cire batun "hutun bazara" yadda ake yinsa a Amurka da Ingila, inda kowa ya san daga watan Yuni zuwa Agusta makaranta a rufe take. A nan wannan lokacin damina ce, kuma kalandar jami'o'inmu ba ta da tabbas. Wanda ya ga yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, ya san abin da nake faɗa. Don haka kada ka ce sai wani wata na musamman. Duk lokacin da ka hango makonni shida zuwa goma a jere ba lacca ba jarrabawa, lokacinka ke nan. Ƙasa da makonni shida, gaskiya kafin hannunka ya faɗa an sallame ka.

SATIN FARKO DA NA BIYU

Ba za ka gano maganin komai ba. Na faɗa maka tun yanzu.

Ranar farko takardun ƙa'idojin kariya aka tula mini na karanta na sa hannu. Kwana uku na farko wanke kwalabe na yi, da jera bakunan fifet a akwatinsu ɗaya bayan ɗaya, 96 a kowane akwati, da naɗe su a saka a tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, wadda ke kai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ni da digirina, na baro Ibadan na zo wanke-wanke?

Sai aka ba ni fifet, wato ɗan abin nan mai kama da biro da ake zuƙo ruwa da shi a auna. A lab ana magana ne da maikirolita, kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Ɗigon ruwa guda ɗaya ya kai kusan maikirolita 50, alhali wani lokacin 1 ko 2 kawai za a ce ka ɗiba. Mai koya mini, wata Bayarabiya mai digiri na uku da kowa ke kira Anti, ta ajiye ni gaban sikeli ta ce na ɗebi maikirolita 100 na ruwa sau goma, kowane na auna. Ya kamata kowanne ya ba da giram 0.1. Nawa kuwa kowanne da inda ya dosa. A makaranta na ci jarrabawa a kan wannan abin, na zana shi, na rubuta sunayen sassansa, amma ban taɓa riƙe shi na minti biyar ni kaɗai ba. Ka san yadda furaktikal ɗinmu yake, mutum talatin a kan tebur ɗaya, na gaba yana yi na baya suna kwafar sakamako.

Daga baya na gane wanke-wanken nan jarrabawa ce. Suna kallon wa yake zuwa a kan lokaci, wa yake rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace kwalba, wa yake tambaya kafin ya taɓa abin da bai sani ba. Ba wanda zai danƙa maka samfurin jinin yaro, wanda ba za a sake samun irinsa ba, alhali bai ga yadda kake riƙe kwalbar da ba komai a ciki ba.

AIKIN KANSA

A sati na uku aka fara barina kusa da samfur. Na koyi shafa jini a gilashi, shafi mai kauri don gano ko akwai ƙwayar cutar, da siririn shafi don tantance irinta. Ana rina shi da rinin Giemsa da aka haɗa da ruwa mai ma'aunin pH 7.2, in ruwan ya kauce daga haka launin ya lalace, ba za ka bambance ƙwayar cuta da datti ba. Sannan ka zauna gaban madubin hangen ƙwayoyin cuta kana ƙirga su a kan fararen ƙwayoyin jini 200. Gilashin farko ya ci mini fiye da minti arba'in, ido na ruwa, wuya ya ƙage. Wani dattijon ma'aikaci da ke gefena, wanda ba shi da digiri na biyu balle na uku, yana gama nasa kafin na gama saita madubi. Rabin abin da na ƙirga a matsayin Plasmodium falciparum ya ce mini guntun rini ne. Ka girmama irin waɗannan mutanen. Farfesa zai gan ka sau ɗaya a sati in ka yi sa'a, su ne za su koya maka aiki.

Sai PCR, wadda kowa ke ɗoki. Dabarar ita ce a ɗauki ɗan guntun DNA a yi ta kwafinsa har ya yi yawan da za a iya gani. Kary Mullis ne ya fito da ita a 1983, ya samu kyautar Nobel a 1993. Na'urar tana ɗaga zafi zuwa wajen digiri 95 don igiyoyin DNA biyu su rabu, ta sauke zuwa tsakanin 50 da 65 don 'yan guntayen da ke nuna inda za a kwafa su manne, sannan ta hau 72 inda sinadarin Taq ke gina sabuwar igiya. A maimaita haka sau 30 zuwa 40. Shi Taq ɗin daga wata ƙwayar bakteriya aka samo shi mai rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafi ba ya lalata shi. Duk wannan na san shi a takarda. Abin da takarda ba ta gaya mini ba shi ne haɗa ruwan yana cin awa guda kana tsaye a kan ƙanƙara kada sinadarai su ɗumama, na'ura ta ci awa biyu zuwa uku, sannan ka dafa jel, ka zuba, ka jira wuta ta ja DNA ɗin, sai can yamma ka leƙa ƙarƙashin hasken UV ka ga ko wahalarka ta haifu. Sau da yawa ba ta haifuwa.

RANAR DA NA SO NA ƁOYE

Wannan shi ne ainihin dalilin rubutun nan.

A kowane gwajin PCR ana saka bututu ɗaya da ba samfur a ciki, ruwa ne zalla. Shi ne shaida. Dole ya fito fayau. In layi ya bayyana a cikinsa, to DNA daga wani wuri ya gurɓata aikin, kuma duk sakamakon ranar ya tashi a banza, don ba ka da hujjar cewa sauran layukan daga jinin marasa lafiya suka fito.

A sati na shida na yi samfur 24. Layuka suka fito tas, gwanin sha'awa. Sai na dubi ramin ƙarshe, na ruwa zalla, na ga wani siririn layi, dishi-dishi, wanda sai ka ƙura ido. Ƙarfe shida ta wuce, kowa ya tafi, washegari da safe ni zan gabatar a taron lab. Na buɗe hoton a kwamfuta, na ga in na ɗan rage haske layin zai ɓace. Ko kuma na yanke gefen hoton gaba ɗaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, na fi minti goma ina kallon allon nan.

Abin da ya tsayar da ni ba wani jarumtaka ba ne. Tsoro ne. Na tuna littafin lab ɗina, inda na riga na rubuta da biro cewa rami na 26 ruwa ne, kuma Anti tana duba littafin. Washegari na nuna hoton yadda yake, murya na rawa. Na zaci za a kore ni. Sai shugabar lab ɗin ta ce, "Madalla da ka nuna. Yanzu nemo mana inda ya fito." Kwana huɗu muka yi muna canza abu ɗaya bayan ɗaya. Ashe ruwan da muke haɗawa da shi ne ya gurɓata, kuma ba ni kaɗai nake ɗiba daga wannan kwalbar ba. Mutum biyu sai da suka sake aikin sati guda. Da na goge layin nan, da wasu yaran da ba su da cutar an rubuta suna da ita, kuma lambar ta shiga rahoto.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawa cikinmu mun taso a tsarin da ake "gyara" sakamakon furojet don ya yi daidai da abin da littafi ya ce, har ana yi wa wanda ya tsaya yin na gaskiya dariya. A wurina babbar ribar zuwa lab na ƙwarai ita ce ka ga wurin da "bai yi ba" amsa ce da ake karɓa, "ban sani ba" ba abin kunya ba ne, amma ƙarya guda ɗaya ta isa ta rufe maka ƙofa har abada. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a kimiyya ma ya fi ƙurewa, don wani zai maimaita gwajinka.

WUTA, KAYAN AIKI DA JIRA

Kada ka ɗauka don wuri yana Kudu komai yana tafiya sumul. Firizar da ake ajiye samfur a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ita ce zuciyar lab, kuma kowa da ita yake kwana a rai. Akwai daren da wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, aka kira duk wanda ke kusa, muka yi ta kwasar akwatuna a cikin kula zuwa wani gini. Akwai satin da ba mu yi komai ba saboda wani sinadari da aka yi oda daga waje bai iso ba. Kusan duk kayan nan da dala ake sayensu, shi ya sa in ka zubar da ɗan bututu guda za ka ga fuskar kowa ta canza.

Irin wannan satin na jira shi ne yake raba masu koyo da masu yawon buɗe ido. Wasu waya suke dannawa. Ni Anti ta tilasta mini karanta maƙalar bincike guda a kowane sati na yi mata bayani da bakina, ta kuma sa na fara koyon shigar da bayanai a Excel yadda ya kamata da ɗan taɓa manhajar R. Yau da su nake aikin digirina.

KARIYA, SUTURA DA SALLAH

Ka yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ka taɓa jinin kowa. Allura uku ce, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, don haka tun yanzu za ka fara, ba ana gobe tafiya ba. Takalmi rufaffe, ba silifas ba. Ba ci ba sha a ciki, ba a saka ruwan sha a firjin samfur. Kada ka taɓa waya ko marfin ƙofa da safar hannu. Rinin da ake ganin DNA da shi a jel, irin su etidiyam buromaid, yana iya illata ƙwayoyin halitta, ba abin wasa ba ne. In allura ta soke ka ko wani abu ya fallatsar maka, ka faɗa nan take, kada kunya ta kashe ka.

Masu tsoron za a haɗa su da cututtuka irin su Lassa, ku kwantar da hankali. Dakunan bincike hawa huɗu ne ta fuskar haɗari, ɗalibi mai koyo a hawa na ɗaya ko na biyu yake tsayawa. Duk wurin da ya miƙa wa sabon zuwa abu mai haɗari ba horo, wurin gudu ne.

'Yan uwa mata, hijabi ba ya hana aikin lab. Wata 'yar Ilorin da muka yi tare da ɗan ƙaramin hijabi na auduga take zuwa ta cusa shi cikin farar riga, babban kuma ta bar shi a loka sai za ta fita. Dalilin kariya ne: yadi mai yawo yana iya sharar samfur ko ya kama wuta a kusa da fitilar gas. Mu ma maza ba a shiga da babbar riga.

Sallah kuwa tsari take so. Gwaji ba ya jiran kowa, amma yana da giɓi. Ni nakan saka PCR wajen ƙarfe ɗaya, na san ina da awa biyu. Batun Juma'a tun ranar Litinin ta farko na gaya wa shugabar, a fili cikin ladabi, ban taɓa samun matsala ba. Abin da ke jawo matsala shi ne ka sulale ba ka faɗa wa kowa ba ka bar samfur a kan tebur.

ME YA SA NAKE MATSA WA 'YAN AREWA

Wata rana aka tafi da ni wani ƙaramin asibiti da ake karɓar samfur, a unguwar da Hausawa suke da yawa. Takardar neman amincewa da Turanci da Yarbanci take. Wata mata ta zo da yaro jikinsa zafi rau, nas ta yi ta bayani, matar tana kallonta kawai. Aka ce na fassara.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Baba, wannan binciken ba dole ba ne. Ko kin yarda ko ba ki yarda ba za a duba yaronki a ba shi magani."

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai namu ne, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Jinin nan ina za a kai shi? Ba irin na Kano ba ne?"

Na san abin da take nufi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200 a Kano. Yara 11 sun rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ba ne, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran kuma an nemi izini da baki. Aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya ƙara rura wutar ƙin rigakafin shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, kuma sai 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin cutar. Matar nan ba jahilci ke damunta ba. Tarihi take tunawa.

Na yi mata bayani dalla-dalla: ɗigo nawa za a ɗiba daga yatsa, ba wani sabon magani da za a ba yaron, lamba za a sa ba suna ba, kuma tana iya janyewa ko bayan ta yarda. Ta ce sai ta shawarci maigidanta. Aka duba yaron aka ba shi magani, ta tafi, ba ta shiga binciken ba. Kuma hakan daidai ne, haƙƙinta ne, haka ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta tanada. Amma mata biyu da ke kan benci suna sauraro suka ce su a yi da su. Bayan nan lab ɗin ya sa aka fassara takardar zuwa Hausa aka miƙa wa kwamitin ɗa'a ya amince.

Ku duba fa. Zazzaɓin Lassa sunan wani gari ne a jihar Borno, inda aka fara gano shi a 1969. Sanƙarau mu yake wa dirar mikiya duk lokacin zafi. Sikila, zazzaɓin cizon sauro, tamowa, kwalara, duk mun san su a gidajenmu. In jinin namu ne, cutar tamu ce, amma mai tsara tambayar binciken da mai riƙe fifet da mai rubuta sakamako ba wanda ya san yadda ake magana da uwa a Gumel ko Illela, to kullum za a yi ta yin bincike a kanmu ba tare da mu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ba ka zama mai bincike da karatun handaut.

UZURIN DA NAKE JI, DA WANDA NA YARDA DA SHI

"Ba kuɗi." Wannan gaskiya ce, ba zan raina ta ba. Yawancin wurare ba sa biyan mai koyo, wasu ma kai za ka biya kuɗin kayan aiki. Ni a ɗakin wani ɗan garinmu mai sana'a a kasuwa na raɓa, ina fita bayan Asuba saboda cunkoso, kuma akwai ranakun da garin kwaki ne abincin rana. In zuwanka Legas zai sa mahaifinka ya sayar da abin noma a tsakiyar damina, kada ka je. Amma ba Legas kaɗai ake bincike ba. Akwai BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, kuma tana shirya horo ga matasan masu bincike. Akwai CAMRET a Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato, da cibiyar ACENTDFB a ABU Zariya, da cibiyar binciken ciwon sammore a Kaduna, da NVRI a Vom, da NIPRD da IHVN a Abuja, ban da dakunan gwaji na asibitocin koyarwa. Ka fara da wanda kake da wurin kwana kusa da shi.

"Sai kana da hanya." Hanya tana aiki, ƙasar nan muke. Amma ni imel tara na tura, biyu suka amsa, ɗaya ya ce na zo. Yawancin masu cewa sai da hanya ko ɗaya ba su tura ba.

"Kudu ba a son mu." Na haɗu da masu tambayoyin rainin hankali, har da wanda ya yi mamakin wai na iya Turanci. Na kuma haɗu da Anti, wadda ta zauna da ni har dare tana gyara mini rubutu ba ta haɗa komai da ni ba. A gaban tebur hannunka ake kallo. Ka koyi gaisuwarsu, ka girmama na gaba da kai ko da ka girme shi, sauran aikinka zai yi maka magana. Kuma akwai abin koyo a can: NIMR da ke Yaba, da ACEGID ta Farfesa Christian Happi a Ede, suna cikin waɗanda suka haɗu suka fitar da jerin ƙwayoyin halittar cutar korona na farko a Afirka a watan Maris 2020, 'yan kwanaki bayan an samu mutum na farko da ita a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu.

Wanda nake gargaɗi a kai shi ne wuraren da ke karɓar kuɗi mai yawa, a tara mutum hamsin a zaure kwana uku ana nuna musu hotuna a bango, a raba satifiket. Kafin ka biya ka tambaya: mutum nawa ne a tebur ɗaya, kuma ni da hannuna me zan yi?

YADDA ZA KA NEMA

Ka fara wata uku kafin hutu. Nemi sunan malamin a Google Scholar ko PubMed, ka karanta aƙalla maƙalarsa ɗaya, ko da rabi ka fahimta. Rubuta imel gajere: wane ne kai, me kake karantawa, me ya ja hankalinka a aikinsa, daga yaushe zuwa yaushe kake da lokaci. Ban da dogon kirari, ban da "a taimaka mini don Allah". Haɗa da takardar tarihin karatunka shafi ɗaya da wasiƙa daga shugaban sashenku. Ka yi kwas ɗin ɗa'ar bincike na TRREE a intanet, kyauta ne, ka haɗa shaidar. In sati biyu ya wuce shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya. In an karɓe ka, ka tambayi wa zai kula da kai kai tsaye da kuma abin da ake so ka iya kafin ka tafi.

ABIN DA ZA KA DAWO DA SHI

Kada ka sa rai sunanka zai fito a maƙala bayan makonni goma. Yana faruwa, amma ba shi ne aka saba ba. Galibi godiya za a yi maka a ƙarshen takarda. Kada kuma ka ɗauki hoton sakamako ko na marasa lafiya ka watsa, ba naka ba ne. Abin da za ka dawo da shi hannu ne da ya faɗa, da littafin lab da wani zai iya bi ya maimaita aikinka, da mutum ɗaya mai daraja da zai rubuta maka wasiƙar shaida yana faɗin abin da ya gani da idonsa. Duk mai neman tallafin karatu ya san darajar wannan wasiƙa.

Akwai kuma wanda zai dawo ya ce shi kam wannan rayuwar ba tasa ba ce. Wani da muka fara tare haka ya yi, ya ce ba zai iya shekara huɗu yana jiran layi a jel ba, ya fi son hulɗa da mutane, yanzu ya karkata ga lafiyar al'umma. Bai yi asara ba. Gara ka gane haka a makonni goma da ka gane a shekara ta uku ta digirin digirgir.

Ƙanwata mai tambaya, ga amsarki, ta fi yadda kika nema tsawo. Ki fara allurar nan a satin nan, ki zaɓi wurare biyar, ki tura musu kafin a fara jarrabawa. In kin rubuta imel ɗin kina son a duba miki, turo, zan duba in sha Allah, haka duk wanda ke so. Waɗanda suka riga mu yin irin wannan a wasu wurare, ku ƙara mana da abin da na manta, musamman mata da suka yi a nesa da gida, don ku kuka san yadda kuka shawo kan iyaye.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu amfani mutanenmu da shi.